Wa Zai Yi Wa Kwalejin Katsina Yaɓe?

Akwai wani hoto da ba ya tsufa a Facebook da zaurukan WhatsApp na 'yan Arewa. Jan gini ne na ƙasa, mai kaurin bango, wato tsohuwar Kwalejin Katsina. A ƙarƙashinsa sai a jero sunaye: Sardauna Ahmadu Bello, Abubakar Tafawa Ɓalewa, Kashim Ibrahim, Isa Kaita, Abubakar Imam. Daga nan masu sharhi su yi layi. Wannan ya ce Allah ya jiƙan mazan jiya, wancan ya ce an yi mutane an gama, wani ya zagi shugabannin yanzu ya ƙara gaba. Shekara da shekaru hoton nan yana kewayawa, sharhin kuma bai canza ba. Ban taɓa cin karo da mutum ɗaya da ya tsaya ya tambayi yaushe rabon a yi wa bangon nan yaɓe ba, ko wa ke yin sa, ko nawa ake biyan sa.

Wannan tambayar ita ce ta dame ni, kuma ita nake so in dami mai karatu da ita. Ginin ƙasa ba ya cin kirari. Abincinsa ƙasa ce da ruwa da hannun magini, kowace shekara, kafin damina ta faɗi. Mun mai da ginin nan allon rubuta sunayen manya, muka manta cewa allon ma ruwa yana cin sa. Sannan mutum biyu da suka fi yawan zuwa da sunan ceto, wato ɗan kwangila mai buhun siminti da ɗan'uwana mai kwamfuta, kowannensu yana iya ƙarasa shi yana ganin taimako ya yi.

A fara da tarihin, domin shi ma mun yi masa kwalliyar da ta wuce kima. An kafa makarantar a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a watan Maris na 1922, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Shugabanta na farko Bature ne, Bieneman. Manufarta ba ɓoyayya ba ce: a horar da malamai Musulmi da za su koyar a makarantun lardunan Arewa, waɗanda suka samo asali daga makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909. Karatun shekara biyar ne. Clifford ya faɗi dalilinsa na zaɓen Katsina, kuma dalilin kashi biyu ne. Na farko shi muke son maimaitawa, cewa Katsina tsohuwar cibiyar ilimi ce da ake girmamawa, garin Hasumiyar Gobarau, garin Ɗan Marina da Ɗan Masani.

Na biyun ba mu cika faɗar sa ba. Katsina tana nesa da layin dogo da hayaniyar garuruwan kasuwanci. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, yana kawo kaya, yana kawo baƙi, yana kawo jaridun Ikko masu yi wa Turawa rashin kunya. Gwamna ba ya son yaran da zai horar su shaƙi wannan iskar. Saboda haka aka kai su inda jirgi ba ya zuwa. Abin dariya, sai bayan shekara kusan ɗari aka aza harsashin layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa Katsina. Keɓewar da aka zaɓi garin dominta ta daɗe fiye da wanda ya zaɓe ta.

Ni aikina haɗa manhaja ne, kuma duk wanda ya saba da rumbun bayanai ya san lambar rajista ba ta iya ƙarya. Ahmadu Bello ya shiga a 1926, lambarsa 87. Tafawa Ɓalewa ya shiga a 1928, lambarsa 145. Yi lissafin da kanka. A cikin shekara bakwai zuwa takwas, yankin da ya tashi daga Sakkwato zuwa Borno, daga Katsina zuwa Ilori, yara ɗari da arba'in da 'yan kai kacal aka buɗe wa wannan ƙofar, wato kimanin ashirin a shekara. Dukkansu maza. A Ikko kuwa an buɗe makarantar sakandare ta mishan tun 1859, gwamnati ta buɗe King's College a 1909. Idan ka ji ana cewa aji guda na Kwalejin Katsina ya fitar da firimiya da ministoci da wazirai, to ka tuna babu wani ajin da zai yi takara da shi. Tazarar da Arewa take kuka da ita har yau, a cikin ƙuncin ƙofar nan aka haife ta. Duk gidan tarihin da zai nuna hoton Sardauna yana saurayi, ya kamata ya rubuta wannan lissafin a gefensa.

Ban faɗi haka don in rage wa wurin daraja ba. Mu masu karanta adabin Hausa ma bashinsa yana wuyanmu fiye da kowa. Gasar rubutun ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a 1933 ta fitar da littattafai biyar, uku daga ciki suna da igiya a wannan harabar. Malam Bello Kagara, mai Ganɗoki, malami ne a kwalejin. Ƙanensa Abubakar Imam, mai Ruwan Bagaja, ɗalibinta ne daga 1927 zuwa 1932. Tafawa Ɓalewa, mai Shaihu Umar, shekarar gasar ya kammala. Duk wanda ke rubuta labari da boko a yau, har mai sakin babi-babi a waya da daddare, ya sha daga rijiyar da aka haƙa a waɗannan ɗakunan ƙasa.

Sai dai makarantar ba ta daɗe a cikinsu ba. A 1938 aka kwashe ta zuwa Kaduna, a 1949 ta koma Zariya, a 1971 ta karɓi sunan Barewa. Shekara goma sha bakwai ke nan ta yi a Katsina. Suna ya tafi, rajista ta tafi, tsofaffin ɗalibai suka bi suna. Har sunayen su Bello Kagara da Nagwamatse da Bieneman da Clifford a Zariya ake kiran su yau, a kan gidajen kwanan ɗalibai. Abin da aka bar wa Katsina shi ne gini. A 1959 aka sa shi cikin jerin gine-ginen tarihi na ƙasa, kuma tun daga 1979 irin waɗannan wuraren suna hannun Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Doka ta hana mutum rushe shi. Ba ta hana ruwan sama ba.

Yanzu a dubi ginin kansa. Manhajar karatun ta Bature ce. Turancin da aka yi ta gyara wa yara har Tafawa Ɓalewa ya zama abin kwatance, na Bature ne. Kurket da wasan fayis, wanda Sardauna ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa, daga makarantun 'ya'yan manyan Ingila aka kwaso su. Abu ɗaya a harabar da ya kasance namu tun daga tushe har rawani shi ne bango da rufi. Maginan Hausa ne suka ɗora shi da ilimin da suka gada. Mun haddace lambar rajistar ɗalibai, amma a duk jerin sunayen da ake yaɗawa babu magini ko ɗaya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wane irin ilimi muka ɗauka ilimi.

Kuma ilimi ne, ba kwaɓa laka kawai ba. Magini yana fara aikinsa tun daga kududdufi, wajen zaɓen ƙasa, domin ba kowace ƙasa ce take riƙe gini ba. A jiƙa ta, a tattake ta da ƙafa, a zuba ciyawa, a bar ta ta kwana, a sake cuɗawa har ta yi danƙo. Sannan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Wajen ɗorawa a tsaye ake jera shi, kai sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a bar sahu ya sha iska kafin a ɗora na gaba. Bangon yana farawa da kauri a ƙasa, yana sirancewa yayin da yake hawa. Wanda ya karanta injiniyanci zai ba ka dalilin da lissafi. Magini ya san dalilin a tafin hannunsa.

Rufi shi ne inda gwaninta take. Azara ita ce ƙashin bayan soro: itacen giginya da aka tsaga, mai tauri, wanda gara ba ta cika yi masa illa ba. Amma tana da iyaka. Idan ta ɗauki nauyin ƙasar rufi, tazarar da za ta iya tsallakewa ita kaɗai ba ta wuce ƙafa shida ko kusa da haka. To yaya za a rufe ɗakin da zai ɗauki aji guda, ko fada, ko sahun masallata? Maginan ƙasar Hausa sun warware wannan tun kafin Bature ya zo. Ko dai a tsayar da ginshiƙi, ko a ɗaure baka. Ana dasa azara a cikin bango, a miƙo ta ciki, a ɗaure wata a kanta da igiya ta ƙara miƙowa, daki-daki daga ɓangarori biyu, har su haɗu a sama, a lulluɓe su da ƙasa. Shi ne bakan gizo. Idan bakuna suka gitta juna a tsakiya suka ɗauki tulluwa, an sami ɗaurin guga. Wanda ya tsaya a ƙarƙashin irin wannan rufin yana tsaye ne a ƙarƙashin ƙasa mai nauyin gaske, wadda ba ƙarfe ko ɗaya a cikinta, itace da igiya ne suke riƙe da ita.

Sai maganin ruwa. A kan rufi ana shafa laso, wanda ake haɗawa da katsin da ake kwasowa daga karofin masu rini, da gashin da majema suke kankarewa daga fata, da ruwan dafara. A jikin bango ana shafa makuba, daga ɓawon ɗorawa, ita ce take ba shi wannan duhun ja da santsin da ruwa ke zamewa a kai. Rufin ana karkata shi kaɗan zuwa ga indararo, shi kuma indararon a miƙa shi waje sosai don ya watsa ruwa nesa da gindin bango. Zanko da ke tsaye a kusurwa ado ne, amma nauyinsa yana danne kusurwar, kuma shi ne wurin da magini yake ratayo igiya idan ya hau gyara. Wato tun ranar da aka yi ginin, an yi shi da sanin cewa wani zai dawo ya hau.

Ladan duk wannan wahalar kowa ya san shi, ko da bai san sunansa ba. A watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina yake haura digiri 40, kaurin bango yana shanye zafin rana a hankali, ba ya sakin sa ciki sai dare ya yi, lokacin da waje ya huce. Da hunturu kuma ya riƙe ɗumi. Yaran 1922 sun yi karatu a ɗaki mai sanyi ba tare da lantarki ba. Jikokin jikokinsu suna zaune a ajin bulo mai rufin kwano, da yawa babu silin, ƙarfe goma sha biyu na rana malami da ɗalibai kowa ya jiƙe, ba mai fahimtar kowa. Mun kira wannan ci gaba, irin na mai haƙan rijiya.

Amma ginin ƙasa yana da sharaɗi, kuma bai taɓa ɓoye shi ba: za ka dawo kowace shekara. Ka duba tsaga ka cike, ka share bakin indararo, ka cire ciyawar da ta tsiro a rufi, ka sabunta yaɓe inda damina ta lashe. Aiki ne ƙarami idan an yi shi a kan kari. Idan aka tsallake shekara uku ya zama babba, idan aka tsallake goma ya zama rushewa. A sana'armu mun san wannan ciwon sarai. Rubuta manhaja shi ne ɓangare mai daɗi, kuma shi ne mai araha. Kuɗin gaske da wahalar gaske suna cikin riƙonta: toshe ɓaraka, sabunta abin da ya tsufa, amsa kiran dare idan ta tsaya. Na ga manhajoji da aka kashe wa kuɗi masu yawa, aka yi bikin ƙaddamarwa da manyan baƙi, bayan shekara biyu shafin ba ya buɗuwa, saboda ba a ware ko sisi na wanda zai kula da shi ba.

Halin ɗaya ne, a waya ko a bango. Tsarin kashe kuɗin gwamnati a ƙasar nan ya san gini, ya san gyaran gaba ɗaya, bai san riƙo ba. Gyaran gaba ɗaya yana da kwangila, yana da allon da za a kafa a bakin titi da sunan mai girma, yana da ranar yanke ƙyalle. Yaɓen shekara ba shi da ko ɗaya. Magini uku ne da leburori da jaki, sati biyu, kuɗin da bai kai na tayoyin motar rakiya ba. Ba wanda zai ci komai a ciki, shi ya sa ba wanda yake tuna shi. Ya fi riba a bar gini ya lalace har ya isa a kira shi aiki.

Idan ya isa, sai siminti ya shigo, kuma a nan ne nake roƙon mai karatu ya saurara da kyau, domin kuskuren yana kama da hankali. Mutum zai ce, tunda ruwa ne matsalar, a shafe bangon da siminti a huta. To bangon ƙasa yana numfashi. Yana shan danshi daga ƙasa da iska, yana fitar da shi ta fatarsa. Siminti yana toshe fatar. Sannan siminti da ƙasa ba sa miƙewa da takurewa tare idan zafi da sanyi suka sauya, don haka ba makawa sai ya tsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, ya zauna. Daga waje bango sumul, har da fenti. Daga ciki ƙasa ta zama kunu, kan azarar da ke binne a bango yana ruɓewa, gara ta samu gida. Ranar da zai faɗi, falle guda zai zubo, ya taho da rabin bangon. Yaɓen ƙasa idan ya gaji yana nuna maka a fili. Siminti rufa-rufa yake yi har ranar jana'iza.

Wani lokacin ma ba a tsayawa shafe, sai a rushe a sake da kankare, a yi masa zanko na ado, a ce an adana tarihi. Dubi yawancin ƙofofin biranenmu, a Katsina da Kano da Zariya: sunan na da ne, ginin na jiya. Ganuwar da ta haɗa su kuwa an yanka ta filaye. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda masana gine-gine na duniya suke zuwa kallon bakunansa, a shekarun 1970 aka lulluɓe shi da sabon gini na zamani. Abin da ya saura na aikin Babban Gwani yana ciki kamar tsoho a ɗakin asibiti. Waɗanda suka yi hakan ba maƙiyan tarihi ba ne, masu son alheri ne da kuɗi a hannu. Irin su nake ji wa Kwalejin Katsina tsoro fiye da ruwan Agusta.

Sai 'yan'uwana. Duk inda aka tayar da zancen gine-ginen tarihi a taron matasa masu harkar fasaha, amsar a shirye take: a kawo jirgi maras matuƙi, a ɗauki hoton 3D, a yi manhajar da mutum zai zagaya ginin daga wayarsa, ko ya rushe muna da shi. Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce guba. Tana ba hukuma uzuri, tana ba mu jin cewa mun yi wani abu. Kuma duk wanda yake wannan sana'a da gaske ya san ba abin da ya kai fayil saurin mutuwa.

A 1986 BBC ta yi gagarumin aikin tattara bayanan Birtaniya a kan faifan leza, don cikar shekara 900 da rubuta kundin Domesday na 1086. Kafin a yi shekara ashirin, na'urar da ke karanta faifan ta kusa ɓacewa, sai da masana suka yi aikin ceto. Kundin fata na 1086 kuwa yana nan ana karanta shi. A ƙarshen 2020 aka daina tallafa wa Flash, dubban shafukan gidajen tarihi da na makarantu da aka gina a kansa suka zama farin allo. Mu Hausawa ma ba sai an je da nisa ba. Duk wanda ya buga rubutu a kwamfuta kafin haruffanmu masu lanƙwasa su zauna daram a tsarin bai-ɗaya, ya san yadda ƙ da ɗ da ɓ suke rikiɗewa su koma akwatuna da alamomin banza idan an buɗe fayil ɗin a wata na'ura. Ginin da ya haura shekara ɗari a tsaye ne za a ce fayil zai cece shi?

An ma riga an gwada adana ginin Hausa a takarda, kuma an yi shi da kyau. Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, ya shafe shekaru yana auna gine-ginen gargajiya na Nijeriya, aka buga aikinsa cikin juzu'i uku a 1990, bayan rasuwarsa. Shi ne ya assasa gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, inda aka kwaikwayi masallacin Zariya da ganuwar Kano da wani sashe na gidan Sarkin Katsina. Amma da zai tayar da su, magina ya nema. Kwaikwayon ma ginin ƙasa ne, shi ma yaɓe yake jira. Cocin Notre-Dame na Faris an auna shi da leza ciki da waje kafin gobarar Afrilun 2019. Awon ya taimaka, amma kafintoci masu sassaƙa itace da gatari da masu sassaƙa dutse ne suka sa aka sake buɗe shi a Disambar 2024. Hubbarorin waliyyan Tumbuktu da 'yan bindiga suka farfasa a 2012, maginan garin ne suka mai da su, aka gama a 2015, domin iyalan da suka gaji aikin suna raye.

Wannan shi ne ainihin abin da ke cikin haɗari. Bango ana iya mai da shi muddin mai mayarwa yana nan. Manhaja takan mutu ba don an taɓa ta ba, sai don wani ƙaramin abu da ta dogara a kansa ya daina aiki, kuma wanda ya rubuta shi ya bar sana'ar. Laso ya dogara ga karofi, karofi kuwa tana mutuwa a gari bayan gari. Makuba ta dogara ga ɗorawa, ana sare ta ana gawayi. Azara ta dogara ga giginya, bishiyar da take shekaru masu yawa kafin ta isa tsagawa, kuma masu sara sun fi masu shuka yawa. Sama da duka, sarautar Sarkin Magina tana nan a masarautu, amma ɗan magini ya ga abin da mahaifinsa yake samu, ya ga abin da mai ɗora bulo yake samu, ya zaɓa. Ba zan zarge shi ba. Ranar da tsoho na ƙarshe da ya iya ɗaure baka ya kwanta dama, duk hotunan 3D na duniya ba za su gaya maka ƙarfin da za a ja igiya da shi ba, ko kwana nawa ƙasar wannan kududdufin take so kafin ta nuna.

Na san abin da za a ce, kuma ba maganar banza ba ce. Jihar da 'yan bindiga suka hana ƙauyuka noma, yara suna yawo ba makaranta, asibiti ba magani, wa yake ta tsohon bango? Wani zai ƙara da cewa kowace damina ana jin ginin ƙasa ya faɗa wa iyali, mutane ba don ƙauyanci suka guje shi ba. Gaskiya ne. Talaka da ya samu kuɗi ya sayi bulo ba wawa ba ne, ya gaji da hawa rufi ne, kuma yana tsoron daren da ruwa zai kwana yana zuba. Ba na cewa kowa ya koma soro.

Abin da nake cewa shi ne ilimin da ke cikin bangon nan yana da amfani ga yaran da ake maganarsu, yau ɗin nan. A Gando ta Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare da tubalin ƙasa da aka matse da inji, ya ɗaga rufin kwano sama don iska ta ratsa, aka gama a 2001. Ta ci kyautar Aga Khan a 2004, shi kuma ya ci Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini ta duniya, a 2022. Kusa da mu, a jihar Tawa ta Nijar, masallacin Yama da magini Falke Barmu ya gina da ƙasa ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji, Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa da ƙasar wurin. Hausawa ne irinmu, ƙasarsu irin tamu, zafinsu ya fi namu. Jihar da take da dubban azuzuwan da za ta gina, ga tsadar siminti, ga ƙasa a ƙarƙashin ƙafarta, ita ce ta fi kowa buƙatar wurin da za a koyi yadda ake gina aji mai sanyi da araha. Wurin kuwa yana nan, an gina shi tun 1921, kuma dama don horar da masu koyarwa aka yi shi.

Saboda haka a mai da shi makaranta. Gidan tarihi ya ci gaba da zama, amma a ɗauki magina na dindindin, a ba su albashi kamar yadda ake ba mai gadi da akawu, kowane da yaran da zai koya wa, su ma da ɗan alawus da takardar shaida a ƙarshe. Ɗaliban zanen gini na Jami'ar Ahmadu Bello da na kwalejin kimiyya ta Hassan Usman su zo su tattaka ƙasa a ƙarƙashin umarnin wanda bai yi boko ba, a ba su maki a kai. A keɓe fili a shuka giginya da ɗorawa da sunan ginin. A Jenne ta Mali, masallacin da aka gina a 1907 yana tsaye ne saboda duk shekara gari yana fitowa rana guda a yi masa yaɓe, unguwa tana gasa da unguwa. Mu da muke da kalmar gayya ba ma buƙatar a koya mana wannan. Tsofaffin ɗaliban Barewa kuwa, makarantar da ta fitar da Gowon da Murtala da Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa, ƙungiyarsu ba ta rasa masu hali ba. Asusun da ribarsa kaɗai za ta biya magina biyar duk shekara bai fi ƙarfin mutum goma daga cikinsu ba.

Mu masu kwamfuta muna da aiki a ciki, amma a bayan magini za mu tsaya. Mu ɗauki muryarsa yana bayani da bakinsa, mu rubuta sunan kowane sashe na baka da kowane mataki na haɗa laso, mu riƙe rajistar kowace tsaga da ranar da aka cike ta, mu ajiye a tsarin da kowace na'ura za ta buɗe, sannan mu buga a takarda mu kai ɗakin karatu. Hoton 3D ma a yi, yana da amfani wajen gane inda bango yake karkata daga shekara zuwa shekara.

Abu na ƙarshe na masu riƙe da kasafi ne, a Abuja da Katsina. Yaɓe yana da lokaci. Ana kwaɓa ƙasa da rani, a shafa ta bushe kafin hadarin farko ya haɗu a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. Kuɗin da aka saki a watan Agusta, bayan takarda ta gama zagaya ofisoshi, ba kuɗin yaɓe ba ne, ko da haka aka rubuta a kansa. Ya isa hannun Sarkin Magina a watan Janairu.